Babi na Uku: Iyakar Hannun Doka a Kasuwa

Wanda ya shiga kantin littattafai yana neman kundi guda mai suna dokar kasuwanci ta Najeriya, hannu rabbana zai fito. Babu shi. Abin da lauyoyi ke kira da wannan suna tsince-tsince ne daga wurare daban-daban: dokar sayar da kaya, dokar kamfanoni, ta caki da takardun kuɗi, ta inshora, ta sayen kaya a biya kashi-kashi, hukunce-hukuncen wakilci da lamuni da jingina. Ƙarƙashinsu duka kuma akwai ƙa'idojin ƙulla yarjejeniya, waɗanda yawancinsu ba majalisa ce ta rubuta ba, alƙalai ne suka gina su hukunci bayan hukunci. Haka muka gada daga Ingila. A can 'yan kasuwa sun daɗe da al'adunsu da kotunansu, har wani babban alƙali, Lord Mansfield, wanda ya riƙe kujera daga 1756 zuwa 1788, ya yi ta jawo waɗannan al'adu yana zuba su cikin dokar kowa da kowa. Faransa ta bi wata hanya dabam, ta ware wa 'yan kasuwa kundinsu a 1807.

Hanyar da dokokin Ingila suka shigo mana abin lura ce. Turawa sun tsayar da rana guda, 1 ga Janairu 1900, ranar da Lugga ya kafa tuta a Lokoja, suka ce duk dokar gama-gari da ke aiki a Ingila a wannan rana ta zama tamu. Ta wannan ƙofa dokar sayar da kaya ta 1893 ta shigo. Ingila ta sauya tata a 1979. Mu kuwa har yau ita muke kai, ko dai kai tsaye, ko ta hanyar dokokin jihohi da suka kwafe ta kusan kalma da kalma. Dokar da aka rubuta tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, ita ce ke hukunta cinikin da aka ƙulla yau da safe ta WhatsApp.

Kada tsufanta ya sa a raina ta. Ga wata tambaya da take amsawa, wadda ke raba aminai a kasuwa. Wani ya sayi buhu ɗari biyu na riɗi a Dawanau, ya tura kuɗi, alat ya shiga, ya ce a bar masa kayan a sito zuwa jibi motarsa za ta zo. Daren nan gobara ta tashi. Asarar wa? Mai saye zai ce kayan ba su zo hannunsa ba. Mai sayarwa zai ce ya sallama, ya karɓi kuɗi, ajiya kawai aka ba shi. Dokar 1893 ba ta duba wanda ya fi tausayi, ba ta ma fara da tambayar wa ke riƙe da makulli ba. Tambayarta ita ce: a lokacin da wuta ta kama, kayan mallakar wa ne? Domin asara tana bin mallaka, sai fa in sun yi sharaɗin akasin haka, ko kuma jinkirin ɗauka laifin ɗayansu ne. Idan an nuna buhunan, an ware su gefe, an sa musu alama, to sun zama na mai saye tun lokacin da aka yi sallama, ko bai ɗauka ba, kai ko bai biya ba. Idan kuwa buhu dubu ne jibge a sito aka ce ɗari biyu daga ciki naka ne, ba a ware ba, to mallaka ba ta tashi ba, wutar kayan mai sito ta ci. Ɗan fentin da yaron sito zai shafa a bakin buhu shi ne ya raba miliyoyin naira tsakanin mutum biyu.

Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar zai ji wannan bai yi masa baƙo ba. A mazhabar Malikiyya ma abin da ake awo ko auna nauyi ko ƙirga yana wuyan mai sayarwa har sai an auna wa mai saye. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya a Ƙairawan ɗaya a Landan, sun iso kusan wuri guda, don matsalar ɗaya ce.

Dokar tana kuma cusa wa ciniki wasu sharuɗɗa ko ba a faɗe su ba. Dole mai sayarwa ya kasance yana da ikon sayar da abin. Dole kayan su dace da yadda aka siffanta su. In da samfur aka yi ciniki, dole dilar da aka kawo ta yi daidai da samfurin da aka gani. Ɗan sarin da ya taho daga Gombe ya ga shadda a Kantin Kwari, ya yaba, aka ɗaure masa dila goma, ya kwance a gida ya tarar da wata ce dabam, yana da haƙƙin mayarwa. Amma haƙƙin na da wa'adi. In ya yanka ya fara sayarwa, ko ya yi shiru har lokaci ya ja, doka ta ɗauka ya karɓa, abin da ya rage masa sai neman diyya. Rubutun nan da ake bugawa a gindin rasit cewa ba a mayar da kaya bayan an saya, dokar kare masu saye ta 2018 ta rage masa ƙarfi sosai, domin ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibu. Sai dai wannan doka ta mai saye don amfanin kansa ce. Wanda ya saya don ya sayar ba ya cikin inuwarta. Shi doka kallon ɗan kasuwa take masa, mai ido, wanda ya san abin da yake yi.

Nan ne iyaka ta farko, kuma mutane da yawa ba sa son jin ta. Kotu ba ta taya kaya. Ba ruwanta da an yi maka tsada ko ka yi araha. Muddin ba a yi maka ƙarya ba, ba a tilasta ka ba, ba a ɓoye maka abin da doka ta ce a bayyana ba, cinikin da ka ƙulla naka ne, riba ko faɗuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya tara masara da kaka yana jiran ta yi tsada da bazara, farashi ya karye, ba shi da wanda zai kai ƙara.

Iyaka ta biyu ta fi zafi, ita ce ta hujja. A ƙa'ida yarjejeniyar baki yarjejeniya ce, ba sai an rubuta ba. Amma alƙali bai halarci cinikin ba, abin da aka tabbatar a gabansa shi ya sani. Akwai kuma wuraren da dokar da muka gada ta ce sai da takarda. Cinikin fili na ciki. Tsaya wa wani ma na ciki, tun wata dokar Ingila ta 1677. A kasuwa kullum ana jin, “Alhaji, ba shi kayan, ni na tsaya masa.” A gaban alƙalin kotun Shari'a, da shaidu, wannan magana na iya kama mai ita. A babbar kotu kuwa, in ba rubutu da sa hannu, lauyansa zai miƙe ya ce ba za a iya bin sa da ita ba, kuma doka na bayansa. Abin ban haushi shi ne ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk da haka a wajenmu wanda ya ce a rubuta, kamar ya ce bai yarda da kai ba ne. Sauƙin da aka samu shi ne dokar shaida ta 2011 ta buɗe ƙofa ga hujjar na'ura. Saƙon waya, takardar shigar kuɗi ta banki, hoton rasit, duk ana karɓarsu in an cika sharuɗɗan gabatarwa. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar da ke ƙin takarda ba su san suna rubuta ta kullum da babban yatsa ba.

To in rubutu bai dame mu ba, da me aka yi ta fatauci shekaru aru-aru, daga Kurmi zuwa Gwanja, daga Kano zuwa Ikko? Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin shanu da goro a can. Abin da ya gani shi ne dukiya mai yawa tana yawo a kan bashi, ba takarda, ba banki, ba kotu. Mai shanu ya taho daga Arewa ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa. Dillali ya san mahautan garin ɗaya bayan ɗaya, ya san wa ke biya, wa ke da bashi a kansa, wa ya kusa karyewa. A sayar da shanu bashi, in mahauci ya ƙi biya maigida ne zai cika daga aljihunsa, domin in bai cika ba labari zai riga shi isa Arewa, baƙi su koma gidan wani. Mahaucin da ya ci bashi kuwa ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi.

Wannan tsari ya fi kotu sauri, ya fi ta araha, hukuncinsa kuma ya fi nata ciwo. Amma da sharaɗi yake aiki: kowa ya san kowa, kuma kowa na bukatar dawowa gobe. Ranar da ka yi ciniki da wanda ba ka san gidan ubansa ba, wanda ba shi da rumfar da zai ji kunyar rufewa, wanda lambar waya ce kaɗai ta haɗa ku, tsarin ya daina kare ka. A ganina ainihin aikin dokar kasuwanci ke nan: ta ba baƙo da baƙo damar yin ciniki. Kasuwanninmu kuma sun riga sun fi ƙarfin sanayya. Ɗan Kwari na yau yana sayen kaya daga Guangzhou da Dubai, yana sayar wa wadda ta gan shi a Instagram. Ya bar da'irar da amana ke iya tsarewa, bai kuma shiga wadda doka ke tsarewa ba, don ba ya rubutu, ba ya rajista, ba ya karanta abin da ya sa wa hannu. Mafi yawan asarar da ake kuka da ita a wannan tsakanin take faruwa.

Idan ta faru, sai a nufi caji ofis. Kowa ya san yadda abin yake. Mai bin bashi ya shiga wajen DPO ya ce, “Yallaɓai, wata shida ke nan yana mini yawo da hankali.” A ɗauko mutum a sa shi bayan kanta, 'yan uwa su taru, a rubuta takardar alkawarin biya, a ba da beli. Wannan ba doka ba ce, karya doka ce. Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita haka a sashe na 32, Kotun Ƙoli kuma ta sha faɗa cewa 'yan sanda da EFCC ba hukumomin karɓar bashi ba ne. Wanda aka tsare yana iya zuwa kotu neman haƙƙinsa na ɗan ƙasa, a ci tarar 'yan sandan tare da wanda ya kawo su. Sai mai bin bashi ya wayi gari shi ake bi.

Layin da ya raba bashi da laifi siriri ne, amma yana nan. Wanda ya sari kaya da niyyar biya, kasuwa ta juya masa baya, bashi ne a kansa, maganarsa ta kotun farar hula ce. Wanda tun farko ya zo da ƙarya, ya nuna sito da ba nasa ba ko takardar kwangilar bogi, ya yi zamba. Yaron shago da aka ba kaya ya kai Jos ya sayar ya kawo kuɗi, ya karkatar da su, ya ci amana, domin kayan ba su taɓa zama nasa ba. Kundin laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukuncin duka biyun. Caki ma na da nasa hukunci. Dokar 1977 ta ce wanda ya karɓi kaya ko bashi da caki, aka kai banki cikin wata uku ya dawo don babu kuɗi, zai sha ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara, sai in ya nuna yana da dalilin zaton za a biya. Shi ya sa wayayyun masu ba da bashi ke cewa a rubuta musu caki mai kwanan wata na gaba. Da takarda guda sun jawo bashi kusa da bakin gidan yari.

Tsakanin caji ofis da kotu akwai sulhu, wanda shugabannin kasuwa da dattawan layi suka fi kowa iyawa. Rauninsa ɗaya ne, in wanda aka yanke wa ya ƙi bi, ba abin da za a yi masa sai ƙauracewa. An yi ƙoƙarin toshe wannan da zauren sulhu na kotu, wanda Legas ta fara a 2002, Kano ta buɗe nata a 2009. Abin da aka daidaita a can, alƙali ya sa masa hannu, ya zama hukunci.

Akwai kuma abin da doka ke bayarwa a fili amma ba a zuwa karɓa. Direban adaidaita sahu da ya ɗauki mashin a hannun mai kuɗi, yana kai balas kullum da sharaɗin in ya kammala ya zama nasa, yana ƙarƙashin wata doka ta 1965 ko bai taɓa jin sunanta ba. Gaskiya ne mashin na mai shi ne har ranar biyan ƙarshe. Amma dokar ta ce a rubuta yarjejeniyar, a faɗi farashin kuɗi hannu dabam da na kashi-kashi. Kuma da zarar direba ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba shi da ikon turo yara su ƙwace, sai ta kotu. In ya ƙwace da ƙarfinsa, yarjejeniya ta rushe, direba na iya neman a mayar masa da duk abin da ya biya. Rangwamen da aka yi wa mai mashin shi ne in an tsallake biya uku yana iya ɗauke shi ya adana kafin kotu ta yanke. Mutum nawa aka raba da mashin saura 'yan makonni su gama, suka koma gida suka ce haka Allah ya so? Ita wannan doka kuma ta nuna wata irin iyakar: ga kayan da ba abin hawa ba, ba ta aiki sai farashin bai wuce naira 2,000 ba. A 1965 wannan kuɗi ne na gaske. Yau ba ya sayen abin kirki, don haka mai sayen firij ko keken ɗinki kashi-kashi ya fita daga cikinta ba tare da majalisa ta cire shi ba.

Babbar kyautar da wannan fanni ya ba ɗan kasuwa ita ce kamfani. Labarin ya faro daga wani mai sana'ar takalma a Landan, Aron Salomon, wanda a 1892 ya mayar da sana'arsa kamfani. Cikin hannun jari 20,007 shi ke da 20,001, matarsa da 'ya'yansa biyar kowa ɗaya. Kasuwa ta lalace, kamfani ya karye, masu bin bashi suka ce ai kamfanin shi ne Salomon, ya biya daga aljihunsa. A 1896 kotun ƙarshe ta Ingila ta ce a'a, kamfani mutum ne dabam a idon doka, bashinsa nasa ne. A kan wannan hukunci dokokin kamfanoninmu suka ginu, daga ta 1912 zuwa ta 1990 da ta kafa hukumar CAC, zuwa ta 2020 da ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani.

Amma a kula da abu biyu. Rajistar sunan kasuwanci ba kamfani ba ce. Wanda ya yi ta kawai, shi da shagonsa abu ɗaya ne, in bashi ya taso har gidansa za a bi. Sannan bankuna sun daɗe da gano maganin Salomon: kafin su ba kamfani rance sai mai shi ya tsaya da kansa a rubuce, ya ajiye takardar gida, ita ma jinginar sai da amincewar gwamna bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978. Katangar da doka ta gina, sa hannu guda ya rushe ta. Haka kuma takardar CAC shaida ce ta cewa kamfani ya wanzu, ba shaidar gaskiyarsa ba ce, ba kuma lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Tun daga MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, kowace shekara sai an sami masu nuna satifiket a bango suna alkawarin riba ninki.

Inda na fi ganin amfanin kamfani a wajenmu ba wajen bashi ba ne, wajen mutuwa ne. Attajiri ya rasu, shago biyar, sito uku, motoci, bashin da yake bi a ka, bashin da ake bin sa a ka. Dokar kasuwanci ta tsaya a nan, hukuncin gado ya karɓa, kuma haka ya kamata. Sai dai in dukiyar duk da sunansa take, rabon gado rabon kasuwar ne kanta: wannan ya ɗauki shago, wancan mota, mata su karɓi tumuninsu a kuɗi, jarin da ya yi ƙarfi don yana dunƙule ya watse. In kuwa kamfani ne, hannun jari ake rabawa bisa ƙa'idar Shari'a, kowa ya sami rabonsa cif, shago kuma ya buɗe washegari da sunansa da ma'aikatansa da asusunsa. Gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ana yawan kawo shi misali ne don irinsa ba su da yawa. A zagaya Kwari a tambayi sunayen da suka yi tashe shekara arba'in baya, a ga nawa suka rage a kan allo.

Wace kotu ma za a je? Wannan kaɗai ya isa ya cinye shekaru. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya batutuwa irin su tafiyar da kamfanoni, kwastan, sufurin ruwa da haƙƙin mallakar fasaha. Bashi da saɓa alkawari na yau da kullum na kotunan jiha ne. A jihohin da ke da kotunan Shari'a, Musulmi biyu na iya kai cinikinsu can a yi musu hukunci da fiƙihu, kuma talaka ya fi sakewa a can, don da harshensa ake magana kuma ba dole sai da lauya ba. Amma sashe na 277 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, riƙon yara, kyauta, waƙafi, wasiyya da gado. Rigimar ciniki in za ta hau sama, babbar kotun jiha take nufa. Kuɗin ruwa da alƙalin Shari'a ba zai saurara ba, babbar kotu za ta tilasta biyansa in yana cikin takardar da aka sa wa hannu. Wanda ba ya so, mafitarsa tun wajen ƙulla ciniki take, kuma tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ƙofar ta samu.

A bakin iyakar ƙasa kuwa hannun doka yankewa yake yi. Daga Jibiya ka tsallaka Ɗan Isa, ka shiga wata duniyar shari'a. Nijar, Chadi, Kamaru da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar 17 ga Oktoba 1993. Dokar kasuwancinsu ɗaya ce, kotunsu ta ƙarshe a kan ta tana Abijan. A can doka ta san wani mutum na musamman mai suna ɗan kasuwa, da rajistarsa, kuma a 2010 aka ƙara wani matsayi mai sauƙi don ƙananan masu sana'a. Wa'adin kai ƙara a kan cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara biyu ne, alhali a jihohin Najeriya da dama mai bin bashi na da shekara shida. Hukuncin da aka yanke a Katsina ba ya taɓa ko tsinke a Maraɗi sai kotun can ta amince da shi. Abin da ke riƙe da cinikin Kano, Katsina da Maraɗi har yau shi ne maigida da dillali da auratayya.

Wani sashe na wannan ciniki ma ba ya iya zuwa gaban alƙali ko kaɗan, domin kotu ba ta taimakon yarjejeniyar da aka gina a kan haram. Tun 2016 aka hana shigo da shinkafa ta kan iyakar tudu. Wanda ya ba ɗan fasa-ƙwauri kuɗin buhu ɗari ya cinye, in ya je kotu kansa ya kai ƙara. Ga kuma hukuncin gwamnati da ke faɗowa a kan ciniki halattacce: rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da tireloli suka yi layi albasa na ruɓewa a ciki. Iyakar abin da doka za ta ce shi ne alkawarin da ya gagara cikawa ba da laifin kowa ba ya faɗi. Ba ta mayar wa kowa albasarsa.

A ce duk an tsallake waɗannan, hujja ta cika, kotu ta dace, an yi nasara. Saura lokaci. Ba abin mamaki ba ne shari'ar kuɗi ta shekara goma kafin ta fito daga Kotun Ƙoli, kuma a idon doka naira naira ce. Wanda ya ba da bashin miliyan goma a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, in an biya shi a 2024 da ta haura 1,500, miliyan goma ɗin zai karɓa, da ɗan abin da kotu ta ɗora in ta ɗora. Mai cin bashi ya san wannan lissafi sarai, shi ya sa ɗaga ƙara ba ta dame shi ba.

Hukuncin kansa takarda ne. Sai an nemo abin da mutum ya mallaka, ma'aikatan kotu su kama a yi gwanjo, ko a sa banki ya riƙe kuɗin asusunsa. In ba shi da komai, ko ya riga ya mayar da komai sunan matarsa da ƙannensa, sai a koma wata sabuwar shari'ar. In kuwa wanda ake bi gwamnati ce, kamar yadda dubban 'yan kwangila ke bin jihohi da ƙananan hukumomi, akwai sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu, wanda ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa su sai da izinin Antoni-Janar. Ɗan kwangilar da ya gina azuzuwa da kuɗin rance, ya yi shekaru yana shari'a har ya ci, zai ɗauki hukuncinsa ya tafi ofishin babban lauyan gwamnatin da ya kayar, ya roƙe shi izinin karɓar kuɗinsa.